Awa Nawa Ne Zuwa Sin?

"Awa nawa ne a jirgi?"

Sailuba ta ƙanƙame labulen zaure tana saurare. Mahaifinta Malam Bahago ne ya jefa tambayar ga Zailani, saurayinta na shekara uku, wanda wani gidan rediyo a ƙasar Sin ya ɗauka aikin karanta labarai da Hausa.

"Allah gafarta Malam, daga Kano zuwa Turai kamar awa shida. Sai a jira wani jirgin, shi ma ya yi goma da wani abu..."

"In na cika da hantsi, za ta iske ni kafin a fita da ni bayan azahar?"

Bawan Allah, ko 'yar ƙaryar nan ta samari bai iya ba!

"Ba za ta iske ku ba, Malam."

"To, ba ni ba da ita."

Duk unguwar Kusfa an san ciwon Malam. Yana hanyar Makka aka binne mahaifiyarsa, kabari kawai aka nuna masa. Rahmatu 'yar baffan Sailuba, mai son Zailani a ɓoye, ita ta fama wa Malam ciwon, ta ce ai Sin bangon duniya ce.

Ranar sallama Zailani ya zo da taswira, ya ɗora hannu a kai.

"Duba, Sailubata, ko taƙi biyu bai kai ba..."

"A takarda ba!" Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Ba zan iya saɓa wa Baba ba, kuma ba zan iya daina son ka ba. Ya zan yi, Yaya Zailani?"

Ya naɗe taswirarsa, ya tafi Sin shi kaɗai.

Shekara huɗu ba ta da komai nasa sai murya. Kullum tana gindin rediyo, muryar ta zo, ta ɓace cikin shuuu, ta dawo. Manema suka zo suka gaji, Rahmatu ma ta haƙura ta yi aurenta. Malam bai taɓa matsa mata ba. Wani lokaci shi da kansa yake ja mata eriya, ya ce, "Yaron nan akwai iya karatu," ya wuce da sauri. Tausayinsa take ji, haushinsa take ji, ta rasa wanda ya fi.

Wata Talata da hantsi Malam ya cika, kansa a cinyarta. Ta yi masa addu'a kafin a fita da shi bayan azahar.

Aka buga wa Zailani waya. Sai ranar sadakar bakwai ya iso, idanunsa jajur.

"Jirgin ba kullum yake tashi ba, Sailuba. Wallahi na yi ƙoƙari..."

"Na sani. Baba ya yi gaskiya."

Baffanta Jibril ya kira su zaure.

"Yaya ya bar wasiyya. Ya ce in Sailuba ta riga ta yi masa sallama, a ɗaura aure, ta tafi ko ina ne. Ya ce kuma ki yafe masa shekara huɗunki."

Sailuba ta dubi buzun Malam, ba kowa a kai. Abin da ta yi ta roƙo ga shi an ba ta, ta fashe da kuka.

"Masoyiyata, mun samu fa..." in ji Zailani.

"Mun samu," ta ce. "Yanzu ko awa ɗari ne mu je. Ba wanda zan yi saurin dawowa in iske."