Inuwar Mangwaro Ta Ishe Ni

"Wallahi ba za a rufe ta ba!"

Kafinta ya tsaya cak da guduma a hannu. Kauthar ce ta yi maganar, tana tsaye a barandar bayan sabon gidan da Tawfiq ya gina a Karu, inda za a kawo ta amarya bayan Babbar Sallah. Mangwaron maƙwabta ya miƙo rassa ta saman katanga, ya lulluɓe wajen da inuwa.

Surayya ta gyara zaman gilashinta tana murmushi. Ita ta zana gidan, kuma 'yar ƙanwar Hajiya ce, mahaifiyar Tawfiq. Kowa ya san ita Hajiya ta so ya aura.

"Haba ƙanwata, inuwa ai ba ta tare ruwan sama. Ni na san abin da Yaya Tawfiq yake so... tun daga tayil har fentin ɗakin barci ni na zaɓa masa. Ko ba haka ba, Yaya?"

Tawfiq ya sosa ƙeya.

"Kauthar, ki yi haƙuri a buga kwanon nan kawai."

Ita kanta ta zo ne da niyyar cewa a rufe, don ganye da kashin tsuntsaye sun ɓata ƙasan. Amma ta yarda da shawarar Surayya? A gidanta?

"Inuwar mangwaro ta ishe ni. In kuma an fasa ba ni gidan ne, sai a gaya mini."

Ta figi jakarta ta fice, dariyar Surayya na bin ta har bakin ƙofa.

Kwanaki ta yi ba ta ɗaga wayarsa. Da ta runtse ido sai ta hango su a ƙarƙashin rumfar, Surayya na zuba masa shayi. Ana haka Hajiya ta kira mahaifiyar Kauthar, wai yarinya tun ba ta tare ba ta fara juya musu ɗa, gara a ɗaga bikin kowa ya sake tunani.

Ranar Asabar da hantsi Tawfiq ya zo gidansu a Jabi, duk ya faɗa.

"Zo mu je ki ga wani abu. In kin gani kika ce kin fasa, ba zan tsare ki ba."

Ta bi shi suka tafi sabon gidan. Ya tsayar da ita a tsakiyar barandar, ya nuna sama ta tsakanin rassan.

"Me kika gani?"

"Taga."

"Tagar wa?"

"Ina zan sani?"

"Ta Ammar ce! Likitan nan maƙwabcinmu, tuzuru! Ranar da ya leƙo ta katanga ya ce ki riƙa tsintar duk mangwaron da ya faɗo ɓangarenki, ai ina tsaye. Har da yi masa dariya, Kauthar... har da *Allah ya saka, Dakta*!"

Ta saki baki tana kallonsa.

"Wai dama saboda shi kake son rufin?"

"To in bar ki ki zauna nan kina taje gashi, wani ƙato na leƙe daga sama? Ni ko Surayya ba ta buɗe baki ba sai na rufe!"

Dariya ta ƙwace mata, sai ga hawaye.

"Ni kuma na ɗauka maganarta ce ta fi tawa a wajenka..."

"Haba rabin raina. Wa ya isa?"

"To fentin ɗakin barcin fa?"

Sai ya ciro waya ya kira Surayya, ya buɗe murya yadda Kauthar za ta ji.

"Na gode da aikinki, ƙanwata. Abin da ya rage matar gidan za ta ƙarasa. Fentin ma za a sake. Hajiya kuma yau zan je in ba ta haƙuri da kaina, biki ba fashi."

Ƙit, aka kashe daga can.

Kauthar ta goge ido da gefen mayafi, ta tako zuwa ɓangaren katanga.

"A rufe daga nan zuwa nan, inda tagar take kallo. Sauran a bar mini sararin sama."

"An gama, ranki ya daɗe."

Haka aka yi. Hajiya ta sauko da ƙyar, amma ta sauko, aka ɗaura aure a ranar da aka sa.

Washegarin tarewa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kwando ne cike da mangwaro, wai inji Dakta, a ba amarya.

Tawfiq ya karɓa fuska a murtuke, ya zauna ƙarƙashin rumfarsa ya dinga sha ɗaya bayan ɗaya.

"Habibi, ko guda ba za ka rage mini ba?"

"Naki na kasuwa zan sayo."