Harsashin da Bai Tashi Ba

Ranar da Hassumi ta fara ganin Abdulbasit, a durƙushe ta gan shi bayan amalanken mai tumatir, hannu biyu a ka, gurasar da ya sayo ta watse a titin unguwar Hayyin Ashir, a birnin Alƙahira. Kuma ba wani abin kirki ne ya faru ba. Salansar wata tsohuwar bas ce ta yi "tau!", shi ke nan. Misirawan da ke gidan shayi suna ta dariya, wani yana ba shi haƙuri da Larabci, "Ma'alish ya shaikh!"

Ita kuwa fitowarta ke nan daga gidan Bakhita mai lalle. Ba ta yi dariya ba. Ta tsince gurasar, ta kakkaɓe, ta miƙa masa.

"Sannu Malam. Mota ce hwa, ba bindiga ba."

Jin Hausa a bakinta ya fi ƙarar gigita shi. Ya miƙe yana karkaɗe jallabiya, ya ce, "Na sani. Igiyar takalmina nake ɗaurewa."

Ta dubi ƙafarsa. Silifas ne.

"To, Allah shi ba da sa'a," ta ce, tana danne murmushi. Sai idonta ya kai kan hannunsa da ke ta rawa. "Ni ɗiyar soja ce, Malam, na san wannan rawar. In kana so, ka taho kulob ɗinmu na harbi ranar Asabar, a hanyar garin Oktoba. Ka nemi Kaftin Abakar, Bahaushen Sudan ne. Can kai za ka sa bindiga ta yi ƙara, ba ita za ta auko maka ba shiri ba."

Abdulbasit ɗan Yobe ne, yana karatun Shari'a a Azhar. Ita 'yar Maraɗi ce mai karatun haɗa magunguna, 'yar Kanal Muktar, tsohon sojan da ya ajiye kaki ya zauna da iyalinsa a unguwar Zamalek. A 2014 ne, lokacin da ita kanta Alƙahira ba ta zauna daram ba, ko'ina shingen bincike.

Kafin Asabar ta zo, bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Ya buɗe littafi, ya rufe. Ya haɗa shayi, ya manta da shi har ya huce. Ya rantse ba zai je ba, sai ga shi ranar Asabar da hantsi a cikin bas. A hanya ma ya sauka, ya tsaya yana kallon motoci kamar wanda aka aika ya manta saƙo, ya sake hawa wata. In an tambaye shi zai ce magani ya je nema, amma ni dai ban san maganin da ake fesa wa turare kafin a je karɓa ba.

Kaftin Abakar ya sa masa abin toshe kunne da tabarau, ya ɗora masa ƙaramar bindiga a hannu, ya gyara masa tsayuwa. Can gaba ga takardar saiti, da baƙin ɗigo a tsakiya.

"Yalla ya zol," ya ce da Larabcin Sudan, wato mu je, mutumina. "Saki numfashi, ka ja kunamar a hankali."

Duk harsashin da ya harba, ƙasa yake sauka. A layin da ke kusa da shi kuwa Hassumi tana ta huda tsakiyar takardarta kamar mai dasa botiri.

Da aka sake cika bindigar, ya ja kunama sai ta ce "ƙas", ba ta tashi ba. Amma bakinta ya zabura ya yi ƙasa, kafaɗunsa suka haɗe, idonsa ya runtse.

Kaftin ya zaro harsashin ya nuna masa. "Na bogi ne, babu albarushi a ciki. Mukan ɓoye shi cikin na gaske don mu ga abin da hannu ke yi. Ka gani? Ba bindigar ke ture ka ba. Kai kake guje wa ƙarar tun kafin ta zo."

Ranar, a bencin da ke ƙofar kulob, ya faɗa wa Hassumi abin da ko abokin ɗakinsa bai sani ba. Wata Juma'a a garinsu harbi ya ɓarke, ya shige ƙarƙashin teburin shagon mahaifinsu. Ƙanensa Habu ya ce bari ya leƙa ya gani. Bai dawo ba.

"Ki yi min alkawari ba mai jin wannan daga bakinki. Ko Mamanki, ko Babanki."

"Na yi alkawali," ta ce, idonta cike da ƙwalla.

Asabar ta zama ranar da ya fi so a mako. Harsasansa suka fara hawa sama kaɗan-kaɗan, saƙonni kuma suka fara yawa.

"Maharbiyata, yau a darasin fiƙihu Malam ya tambaye ni sharuɗɗan ciniki, na kusa ce masa a saki numfashi a ja a hankali. Ki ji tsoron Allah ki dawo min da hankalina."

"Ustazuna, ban ɗauki hankalin kowa ba. A titi na tsince shi tare da gurasa. In kana son abinka, ka taho ka tambayi Baba."

Bai yi wasa da maganar ba. Ya nemi a sa masa ranar zuwa gaisuwa.

To amma akwai Tijjani, ɗan ƙanen Kanal, mai safarar kaya daga Alƙahira zuwa Yamai. Shi tuni ya gama aurar wa kansa Hassumi a zuciyarsa, saura a sanar da ita. Wata rana ya ari wayarta zai yi kira, ya ci karo da hoton da ta ɗauki Abdulbasit: gemu, jallabiya, bindiga a hannu. Ya tura wa kansa, ya kai wa Kanal, ya ƙara gishiri.

"Baba, ɗan Yobe ne hwa. An ce a daji aka horar da shi. Mi ɗalibin addini yake nema wurin harbi?"

Kanal ya kira 'yarsa. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne.

"Ɗiyata, tambaya guda zan yi miki. Mi ya kai yaron ga wurin bindiga?"

"Ni na kai shi, Baba."

"Domin mi?"

Amsar tana bakinta, alkawari ya tare ta. Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi. Kanal ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a gaya wa yaron kada ya tako masa gida.

Ta shiga ɗaki ta rubuta wa Abdulbasit:

"Yaya Tijjani ya saci hotonka a wayata ya kai wa Baba. Yanzu Baba yana zaton kana cikin mutanen daji. Don Allah ka sake ni daga alkawalin nan, kalma guda ta isa."

"Ki ce masa me? Mai neman 'yarsa yana ɓuya bayan tumatir in mota ta yi tari? Wane soja ne zai ba matsoraci 'ya? Ki bar shi kawai."

"To ka zaɓi girman kanka, ka bar ni. Khalas, shi ke nan."

Kwanaki suka wuce ba saƙo. Shi ya dinga zarya tsakanin ɗaki da baranda, ya ɗauki waya, ya ajiye, ya sake ɗauka. In ya hango shingen bincike sai ya dinga tunanin ko hoton ya riga shi isa can. Ita kuma ta daina cin abincin kirki, takan tsaya a taga tana kallon kogin Nilu, ba ta ganin komai. Haushinsa take ji, kewarsa kuma ta fi haushin yawa.

Kanal ya ga 'yarsa tana ramewa. Wata safiya ya ce, "Ki gaya mishi ya same ni a kulob ranar Asabar. Ina son in ga harbinsa."

A nan Abdulbasit ya yi wautar masoya. Ya ɗauka jarrabawar jarumta ce. Soja ai gwani yake so, in ji shi. Ya kwashe makon yana riƙe da kwalbar ruwa a miƙe, yana koya wa hannunsa tsayuwa, har abokin ɗakinsa ya fara yi masa tofi.

Ranar Asabar Kanal ya zo da Hassumi, Tijjani na biye da su ba wanda ya gayyace shi. Abdulbasit ya durƙusa ya gaishe shi. Kanal ya amsa a taƙaice, ya karɓi gidan harsashi daga hannun Kaftin Abakar, ya juya baya ya cika shi da kansa.

"Bisimilla."

Abdulbasit ya tsaya, ya saki numfashi, ya ja. Harsashin ya shiga baƙin ɗigo. Ya sake, ya sauka kusa da na farko. Tun da yake bai taɓa harbi irin na ranar ba. Daɗi ya kama shi, bai ga abin da ke faruwa a bayansa ba.

Hassumi ta gani. Duk harsashin da ya shiga tsakiya, fuskar Baba sai ta ƙara ɗaurewa, murmushin Tijjani kuma ya ƙara faɗi. Sai a lokacin ta gane. Kowane harbi mai kyau shaida ce a kansa. Ta so ta yi ihu ta ce ya ɓata, ya kuskure, amma kunnensa a toshe yake. Ta damƙe ƙarfen da ke gabanta tana kiran sunan Allah.

Ya sake jan kunama.

"Ƙas."

Bakin bindigar ya yi ƙasa kamar an fizge shi. Kafaɗunsa suka haɗe, ido ya runtse. Rawar da ya yi mako yana dannewa ta dawo gaba ɗaya, a gaban mutumin da ya fi jin kunyarsa a duniya. Ya ajiye bindigar a kan tebur, bakinta na kallon gaba kamar yadda aka koya masa, ya cire abin kunne. Bai iya ɗaga kai ba.

Kanal ya matso, ya kama hannun da ke rawa, ya riƙe.

"Tun yaushe?"

Abdulbasit ya dubi Hassumi. Hawaye ne kawai a fuskarta. Sai ya ji ya gaji da ɓoyo. Ya faɗi komai: Juma'ar, teburin, Habu, har amalanken tumatir da silifas.

"Ni na hana ta faɗa, Baba. Na ji tsoron ku ce ni matsoraci ne."

Har yanzu Kanal bai saki hannun ba.

"Ni na sa harsashin ga," ya ce. "Na horar da yara ba adadi. Mutum na iya koyon saiti cikin wata biyu, amma hannun da ya saba harbi ba ya gudun ƙarar da ba ta zo ba. Wannan hannun bai taɓa harbin kowa ba." Ya juya. "Tijjani, wa ya ce maka a daji aka horar da shi?"

Tijjani ya fara lalube a aljihu kamar sunan yana ciki.

"Je ka jira mu a mota. Kahin ka tahi, goge hoton a gabana."

Da ya fita, Kanal ya dubi Abdulbasit. "Wanda ƙarar bindiga ta yi wa haka, kuma ya hau mota da ƙahwarsa ya taho ya tsaya gabanta duk Asabar, ban san sunansa ba, amma ba matsoraci ba ne. Laihinka guda: ka ɗora wa ɗiyata kayan da ya hi ƙarhinta. Kada ka sake."

"Ba zan sake ba, Baba."

"To, ka turo magabatanka."

Kafin ya isa tashar bas saƙo ya shigo:

"Ustazuna, yau ka kusa kashe ni da iya harbi. Daga yau na hana ka ƙwarewa."

"Ki yafe min, Maharbiyata. Ke kika riƙe alkawari, ni na riƙe girman kai. Wallahi ke kika fi ni saiti."

Bayan babbar Salla aka ɗaura aure a wani masallaci a Hayyin Ashir, bayan sallar Juma'a. 'Yan Najeriya, 'yan Nijar da Hausawan Sudan suka cika titi, Kaftin Abakar na raba dabino. Ana shafa fatiha, maƙwabta Misirawa suka ce ai ba a biki shiru, suka kunna abin fashe-fashensu.

"Tau! Tau!"

Kafaɗar ango ta zabura a gaban kowa. Kanal, da ke tsaye kusa da shi, ya ɗora hannu a kanta, ya ci gaba da gaisawa da mutane kamar ba abin da ya faru. Abdulbasit bai durƙusa ba, bai kuma waiwaya ya ga wa ya gan shi ba. Sama ya ɗaga kai, barandar gidan Bakhita, inda wata mai sabon lalle take leƙowa ta bayan labule tana dariya tana share ido.

Allah ya jiƙan Habu. Su kuma Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa ƙarar da za su riƙa ji a gidansu ba ta wuce ta 'ya'ya ba. Amin.