Hannun Hagun Kurciya

Ranar da ya fara ganinta faɗa ya je yi, kuma faɗan aka yi.

Injiniya, kamar yadda unguwa ke kiransa saboda shagonsa na gyaran waya, ya shiga makarantar da takarda a aljihu. Umma, mahaifiyarsa, ce ta rubuta ta: a sallamo mata jikarta yau-yau. Ya zaci zai tarar da aji da allo. Sai ya tarar da lambu, da kejin zomaye, da yara kusan ashirin kowa na sha'aninsa. Can bakin famfo ga Kurciya, ƴar marigayiyar yayarsa, taɓo har gwiwar hannu.

"Wace ce babba a nan?" ya tambaya da ƙarfi.

Wata budurwa ta miƙe daga cikin shukar tumatir tana karkaɗe hannu. Ita ce yaran ke kira Anti.

"Ni ce. Amma sauka daga kan alayyafonmu tukuna."

"Makaranta ce wannan ko gona?"

"Duka biyu. Kai kuma sifeto ne, ko mai neman rigima?"

Ya miƙa mata takardar. Ta karanta, ta ninke, ba ta ko girgiza ba.

"Mahaifiyarta ce ta kawo mana ita kafin rasuwarta. Lokacin ba ta iya haɗa kalma uku sai da in'ina. Yanzu sai ka roƙe ta ta yi shiru. Ku bar ta ta ƙarasa zangon nan."

"Shekararta shida, ba ta cika littafi ko ɗaya ba. Kuma an ce kuna barinta tana rubutu da hagu."

"Da hagun Allah ya halicce ta." Ta dubi hannun da ya karɓi takardar da shi. "Kai ma bahago ne."

"Da can. An gyara ni."

"An gyara ka? Kamar waya?"

Ya fita ransa a ɓace, bai kuma cire yarinyar ba. Ya ce wa Umma dokar makarantar ce, sai ƙarshen zango.

Daga nan shi ya karɓi aikin ɗauko Kurciya, wai don ya sa ido. Ido kam ya sa shi, sai dai ba a kan karatun ba. Kullum sai sun yi cacar baki. Ya ce yara na wasa ne kawai. Ta nuna masa yadda suke auna tsawon shuka da igiya suna ƙidaya. Ya ce babu tarbiyya inda babu bulala. Ta ce ai jaki ma ya sha bulala bai zama malami ba.

Wata rana wayarta ta faɗa bokitin ban ruwa. Ya gyara mata, ya sa lambarsa a ciki ba tare da ya nemi izini ba.

"Malamar Taɓo, wayarki ta warke. Ki daina shayar da ita, ba tumatir ba ce."

Amsa ta zo nan take: "Na gode, Sifeto. Na ga da hagu ka riƙe sukundireba. Ashe gyaran da aka yi maka bai kama ba."

Ya karanta saƙon ya fi sau goma. Bayan wata biyu ya rubuta: "Malamar Taɓo, na gaji da neman dalilin zuwa. Ke ce dalilin. Ina sonki."

"Ka daɗe kana taka min alayyafo kafin ka faɗa, Sifetona."

Umma kuwa, da labari ya kai mata, sai ta cire tabarau ta ajiye. Shekara talatin ta yi tana shugabar makaranta, har yanzu rularta na nan a kan teburin falo kusa da jar biro.

"Wannan mai kiwon zomayen? Ta lalata min jika, yanzu kuma ɗa take so? Ga malamar da ke zuwa yi wa Kurciya darasin yamma, ɗalibata ce, nutsattsiya, ta san darajar rula. Ita na zaɓa maka."

"Umma, ba na sonta."

"So! Son zuciya ne ya hana ka cin jarrabawa, ka ƙare a buɗe cikin wayoyin mutane."

Mako guda ba ta amsa gaisuwarsa. Sannan ta kira shi ta gindaya sharaɗi. Akwai jarrabawar shiga tsohuwar makarantarta nan da wata ɗaya. In Kurciya ta ci, da hannun dama kamar ƴar mutane, za ta saurari maganar auren.

Wawa, sai ya ga kamar ƙofa ce aka buɗe masa. Bai gaya wa Anti ba. Ya ce a ransa shi da rula aka gyara shi, to shi zai yi da lallami. Kullum bayan makaranta sai ya zaunar da Kurciya a shago, ya zura mata safa a hannun hagu, ya ce wasa ne, hannun yana barci. Ya ba ta fensir a dama, ya ba ta alewa in ta cika layi. Har yaba wa kansa yake da tausayi.

Kwana goma sha biyu aka yi. A na sha uku, da ya je ɗauko ta, ya tarar da Anti a bakin ƙofa, safar a hannunta.

"Mene ne wannan?"

"Bari in yi miki bayani..."

"Mako guda ke nan tana zama a kan hannunta na hagu. Yau na tambaye ta sunan zomonta, ta kasa fitar da shi. Ta tsaya tana kakari har ta fashe da kuka. In'inar ta dawo."

"Don mu na yi! Umma ta ce in ta ci jarrabawar..."

"Don mu?" Ta ɗaga safar. "Hannun marainiya ka ba da don ka same ni? Kakarta ko ba komai a fili take dukanta. Kai da alewa ka zo mata, shi ya sa ta yarda da kai."

"Ni ma haka aka yi min, ga ni ban mutu ba."

"Ba ka mutu ba. Amma na ga yadda hannunka ke ɓari in an ba ka biro." Ta jefa masa safar a ƙirji. "Kar ka ƙara kirana."

Ya tura saƙo huɗu, ba amsa. Na biyar ne ta amsa: "Ba ni za ka ba haƙuri ba."

Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya durƙusa gaban Kurciya ya ce, "Kawu ya yi kuskure. Hannunki ba ya barci, lafiyarsa lau." Yarinyar ta ɓoye hannun a bayanta.

Ran Asabar wayar Umma ta daina caji. Maimakon ya kai ta shago, sai ya baje kayan aikinsa a teburin falo, kusa da rular. Ya buɗe wayar a gabanta, ya kama ƙaramin sukundireba da hagu, hannun ko motsi ba ya yi.

"Umma, dubi. Da wannan hannun nake ci, da shi nake ciyar da gidan nan. Shekara shida kina dukansa."

"Don kar a yi maka dariya na yi."

"An yi dariyar ai. Kin manta in'inar da na yi har aji biyar? Ba daƙiƙi ba ne ni, Umma. Lokaci ne ke ƙare min a jarrabawa ina kokawa da biro. Kurciya ba za ta rubuta jarrabawar nan ba. In auren ne, na riga na rasa shi, ba sai kin hana ba."

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Ki yafe min. Amma haka ne."

Ta tashi ta shige ɗaki ta bugo ƙofa.

Ranar Litinin, ba ta gaya wa kowa ba, ta je makarantar da niyyar wanke Anti tas. Ta faɗi abin da ta faɗa, ta kira wurin garken awaki. Anti ta kawo mata kujera ta ce, "Mama, ki zauna ki gani, in kin gama sai ki ƙarasa zagin." Umma ta zauna awa uku fuska a murtuke. Ta ga jikarta zaune a gefe, ta danne hannunta da cinya, sauran yara na zana ganye. Ta san wannan zaman. Ta taɓa ganin wani yaro yana yinsa a teburin falonta.

Ba ta ba kowa haƙuri ba, ba halinta ba ne. Sai dai da ta dawo gida rular ta ɓace daga kan tebur, malamar darasin yamma kuma aka ce ta huta.

Wata huɗu Injiniya ya yi yana zuwa ban ruwa a lambun kafin Anti ta sake kiransa Sifeto. Saƙon gajere ne: "Yau ta faɗi sunan zomonta tiryan-tiryan. Ka turo manyanka, Sifetona."

Ranar auren, an ajiye babban kati a falo kowa na rubuta addu'arsa. Biro na hannun Umma lokacin da Kurciya ta matso. Yarinyar ta dubi kakarta, ta miƙo hannun dama.

Umma ta janye biron.

"Ba wannan ba. Ɗayan."

Ta sa shi a tafin hagun da kanta, ta naɗe ƙananan yatsun a kai. Sannan ta juya ga ango da amarya, idonta jajir.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai albarka. In an samu bahago a ciki, ku kawo min shi, ni zan fere masa fensir."