Wanda Ya Ƙona Katawut

Hayaƙi ne ya haɗa su, kuma ba hayaƙin turare ba.

Auta ta fito da ruwa a kofi za ta kai wa mai gyaran wuta da aka kira ya duba tsohuwar taraktar Babanta. Ya ɗago kai daga injin ya gan ta, sai hannunsa ya ci gaba da aiki, hankalinsa kuwa ya tafi yawo. Ya ɗaure batir yadda ya saba ɗaurewa a motocin zamani. Ita kuwa taraktar ta girmi uwarsa, wayoyinta a juye suke. Katawut, ɗan akwatin da ke daidaita wutar da dinamo ke tura wa batir, ya yi ƙauri ya ƙone.

Baba ya daɗe yana kallon akwatin. Shi ya yi noma da taraktar nan har ya aurar da 'ya'ya, Auta kaɗai ta rage.

“Me ya hana ka tambaya?” in ji Baba.

“Na ɗauka na sani ne, Baba.”

“To, kwashe kayanka.”

Ya kwashe, amma ya manta sukundireba. Da ya dawo ɗauka ya manta filaya. Auta ta raɗa masa suna Sarkin Sauri, shi kuma yake kiran ta Allurata, wai kamar allurar da ke nuna caji a gaban tarakta, in ta tashi ya san yana raye.

Da manyansa suka zo neman aure, Baba bai ko ja zance ba.

“Wanda ke taɓa abu bai tambaya ba, ba zan damƙa masa 'yata ba.”

Auta ta yi kuka, amma tana da sa rai. Ta san halin mahaifinta, fushinsa yakan huce in an ba shi lokaci. Abin da ba ta sani ba, lokacin ne ya ƙare. Baba ya fara manta inda ya ajiye hula, sannan hanyar gona, sannan sunayen jikokinsa. Wata safiya ta kawo masa abin kari ya ce, “Sannu 'yan mata, 'yar gidan wa ce ke?” Ta koma bayan ƙofa ta toshe baki da mayafi.

Ta tura wa Sarkin Sauri saƙo: “Yau Baba bai gane ni ba. Wanda ya hana mu ba ya nan, balle mu ba shi haƙuri.”

Ya amsa: “Allurata, Baffanki ya ce zai iya ɗaura mana. Amma ni abin da kika ce shi zan bi.”

Ta rubuta: “Maganar Baba ta ƙarshe a kanka a'a ce. Ba zan tsallake ta don ya manta ba. Ko dai ya janye da bakinsa, ko mu haƙura.”

Ta tura, ta kifa wayar, ta ji kamar ta yanke wa kanta hannu.

Baffa kuwa, ƙanen Baba, ya gaji da jira. Ya fara kawo wani dillalin tsofaffin ƙarafa, mai ido ɗaya a kan tarakta, ɗaya a kan Auta. Duka biyun, a cewar dillalin, zama ne ke lalata su. Ana cikin haka wata maƙwabciya ta kawo labari, ta ce kullum ana ganin Sarkin Sauri a filin dillalin suna ƙus-ƙus.

“Ashe har da kai a masu cinikin taraktar Baba? Na gode,” ta rubuta masa. Ya kira ya kira, ba ta ɗauka ba.

Damina ta wuce a haka. Ciyawa ta fito ta ƙarƙashin tayoyin tarakta, kaji suka mai da kujerarta wurin ƙwai. Auta ta rame. Kullum tana wanke wa Baba hannu, shi kuma yana mata godiya irin wadda ake yi wa baƙo.

Ranar da Baffa ya ce gobe za a zo a ja taraktar, da hantsi aka yi sallama. Sarkin Sauri ne, ya yi baƙi ya faɗa, riƙe da wani abu a tsumma.

“Abin da nake nema a filin ƙarafa ke nan,” ya ce. Katawut ne, tsoho, irin na Baba sak. “An daina yin su. Sai da na tone tulin kaf.”

Kunya ta kama ta. Ta dai kore masa kajin.

Wannan karon bai yi sauri ba. Ya goge bakin wayoyi, ya ɗaura katawut ɗin, ya ɗaure bel, ya canza ɗan gawayin da ke ɗauko wuta a cikin dinamo, ya juya batir yadda tsohuwar ke so. Injin ya yi tari ya tashi. Allura kuwa ko motsi. Ya kashe, ya sake bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya tayar. Tana nan kwance. Ya zauna a kan taya ya riƙe kai.

“Na yi duk abin da na sani, Allurata.” Sannan ya ɗago. “Ke kin taso a gindin injin nan. In ya daɗe a ajiye, me Baba yake yi masa?”

Auta ta rufe ido. Ta ga kanta tana ƙarama, Baba ya ba ta wata guntuwar waya ta riƙe.

“Yakan ce dinamo in ya daɗe a zaune mantuwa yake yi, ba ya sanin ta ina zai tura wuta. Sai an ɗauko waya daga batir an ɗan taɓa masa nan, sau ɗaya, a tuna masa.”

Ta riƙe bakin waya ɗaya a kan batir, ya taɓa ɗayan a jikin dinamo. Tartsatsi ya yi tsalle. Ya tayar da injin, allura ta yi rawa, ta miƙe ta tsaya a gefen caji.

Ba su ji fitowar Baba ba. Sai ganin sa suka yi ba takalmi, ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin yana saurare. Ya leƙa allurar. Sannan ya juyo ya ƙura wa saurayin ido, fuskarsa ta ɗaure.

“Kai! Ba kai ne ka ƙona min katawut ba?”

Auta ba ta taɓa jin zargi mai daɗin wannan ba. Hawaye suka ɓalle mata.

“Ni ne, Baba,” in ji shi, yana durƙushe.

“Wa ya gaya maka a taɓa masa waya?”

“Tambaya na yi. Ita ta gaya min.”

Baba ya dube ta. “Auta,” ya ce. “Ya tambaya?”

“Ya tambaya, Baba.”

“To, a kira Baffanku. Na ba shi. Allah ya yi muku albarka.”

Kafin yamma ta yi, hasken ya sake ɗaukewa daga idon Baba. Amma kafin nan Baffa ya zo ya ji da kunnensa, washegari kuma dillali ya koma da motarsa wayam.

Ranar ɗaurin aure Baba ya zauna cikin farar riga yana yi wa kowa murmushi. Da aka kawo ango da amarya gabansa, ya riƙe hannuwansu ya tambayi Baffa a hankali, “Auren wa ake yi?”

Ango ya sunkuya ya ce, “Na wanda ya ƙona maka katawut ne, Baba.”

Baba ya yi dariya har da tari. “Allah ya ba su zaman lafiya. Amma a gaya wa yarinyar ta riƙa sa masa ido a kan batir.”

“Za ta sa, Baba,” in ji Auta, tana kuka tana dariya, ba ta saki hannunsa ba.