Ruwan Da Ke Ƙarƙashin Yashi

A can wani zamani, an yi wata yarinya da ta daina addu'a. Ƙanenta ya yi wata guda yana ciwo, ta roƙi Yesu safe da yamma, amma ba ta ga sauƙi ba.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, babanta ya ce su je rafi su sha iska, ko yaron zai ɗan wartsake. Uwar ta goya shi, suka tafi. Rani ne, rafin ya ƙafe, sai yashi. Ƙishirwa ta kama yaron, ya fara kuka.

Baban ya ce wa yarinyar, "Tona nan."

Ta tona, ta tona, har gwiwar hannu. Ta ce, "Baba, babu komai."

Ya ce, "Jira."

Can sai ruwa ya fara tsattsafowa, duk laka. Ta kai ƙoƙo za ta ɗiba.

Ya ce, "Jira."

Kukan ƙanenta ya dame ta, kamar ta yar da ƙoƙon ta tafi, amma ta daure ta zauna. A hankali lakar ta kwanta, ruwan ya yi garau. Ta ɗiba ta ba yaron, ya sha ya yi shiru.

Ta ce, "Baba, daga ina ruwan ya zo?"

Ya ce, "Yana nan tun kafin mu iso. Mu ne ba mu gan shi ba."

Ta daɗe tana kallon ramin. Da za su tashi, uwar ta ce a yi addu'a. Kafin baban ya buɗe baki, yarinyar ta ce, "Baba, bari ni in yi."