Yarinyar da Aka Rataya wa Ƙashi

A wata makaranta, can da, Faransanci kaɗai ake yi a aji. Duk wanda ya yi Hausa, shi ake rataya wa ƙashi a wuya, kuma wanda aka tashi ƙashin yana wuyansa, shi zai yi shara.

Wata rana ƙashin ya faɗa wa wata yarinya. Ta kasa kunne, ta kasa kunne ko za ta ji wani ya yi Hausa, shiru. Da aka kusa tashi, sai ta mintsini ƙawarta.

"Wayyo Inna!" in ji ƙawar.

Nan take ta rataya mata.

Da aka tashi, ƙawar ta ɗauki tsintsiya, ta ce, "Haba ƙawata, da kin ce sharar ce ba kya so, ai da na yi miki."

Yarinyar ta tsaya bakin ƙofa, kai a ƙasa, ta kasa shiga, ta kasa tafiya.