Wanda Yake Hura Wa Mummo Wuta

Shekara goma sha ɗaya Topias ya yi a Kanada, tun da uwarsa ta tafi da shi yana ɗan sha uku. Da ya dawo ƙauyensu na bakin tabki, a gabashin Finlan, sai ya tarar an rufe kantin garin, makarantarsu ta zama wurin ajiye motocin noma, bas ma ta daina shigowa. Kakansa namiji ya rasu bara waccan, bai zo jana'iza ba, bai kuma buga waya ba. Kakarsa Saimi, wadda yake kira Mummo, ta ranƙwafa har sai da sanda.

Abin da ya fi lalacewa kuwa bakinsa ne. Yaren da aka haife shi a ciki ya yi masa tsatsa.

Ranar farko wani tsohon maƙwabci ya leƙo, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Saimi, wane ne wannan outo?"

Bayan ya fita, Topias ya tambayi ma'anar kalmar.

"Kai, kai! Ɗan Turawa," in ji Mummo. "Ka tafi da baki ka dawo da haƙora kawai? Saurara. Kare ya hau keke, wannan kumma ne, abin mamaki, ka yi dariya ka wuce. Outo kuwa shi ne abin da ba ka sani ba, shi ma bai san ka ba."

Ya sunkuyar da kai cikin kofin gahawarsa.

Ranar Asabar da la'asar sakaliya Mummo ta ce ta manta bokitinta na jajayen 'ya'yan daji a gindin babban dutse, ya je ya ɗauko kafin duhu.

"In daji ya rufe ka, juya rigar sanyinka ciki waje. Abin da ka gani kuma, faɗa masa shi outo ne. Ba ya jure a faɗa."

"Mummo, akwai taswira a wayata."

"To, gai da taswirar."

Tafiyar minti goma ce, ya san ta tun yana rarrafe. Ƙasa ta jiƙe, tana ƙamshin gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. Daga can nesa yana jin zarton maƙwabci. Ya kai dutsen, ya ɗauki bokitin, ya juyo.

Ya yi tafiya, ya sake tarar da dutsen.

Ya saki dariya, dariyar ba ta fito ba. Sai a lokacin ya lura zarton ya yi shiru. Ba tsuntsu. Ba iska. Ya taka busasshen reshe, ya karye a ƙarƙashin takalminsa ba tare da ƙara ba. Ya zaro waya, fuskarta baƙa ƙirin.

Karo na uku da ya iso dutsen, akwai mutum a zaune a kai.

Mutumin ya ba shi baya. Tsayinsu ɗaya, ƙeyarsu ɗaya, har koriyar rigar da Topias ya saya a filin jirgi tana jikinsa. Ƙamshin hayaƙin itace yake yi, irin na wanda ya wuni yana hura wuta.

"Ɗan gidan wa?" in ji mutumin, ƙasa-ƙasa, da yaren ƙauyen tsantsa, irin na marigayi kakansa.

Topias ya buɗe baki. Turanci ne ya taru masa a maƙogwaro.

Mutumin ya juyo.

Fuskar Topias ce sak. Sai dai iska ta dafa ta, hannuwan kuma duk kanta, na mai faskare.

Can sai ga fitila tana lilo tsakanin itatuwa, da ƙwas-ƙwas na sanda. Mummo ce, shekara tamanin da huɗu, tana jan ƙafa a kan saiwoyi, tana haki.

"Topias! Topi!"

Ta wuce ta gabansa, har gefen mayafinta ya shafi hannunsa. Hasken fitilar ya ratsa shi ya faɗa kan itacen da ke bayansa. Ya yi ihu. Ko ganye bai motsa ba.

Wancan mai fuskarsa ya sauko daga dutsen.

"Ga ni, Mummo."

"Ja'iri, ka tsorata ni." Ta riƙe damtsensa kamar ta saba. "Mu je, na hura sauna, kada ɗakin wankan turirin ya huce."

Suka juya. Fitilar ta fara nisa.

Topias ya yar da bokitin. Zif ɗin ya ƙi. Ya fizge rigar ta kai, ya juya ta, ya zura hannu ɗaya.

Kalmar. Mece ce kalmar?

Kumma? A'a.

Kalmar ta zo masa. Ya nuna bayan wancan da yatsa, ya ja numfashi, sai ya ga yadda yake ɗaga mata reshe ta wuce, yadda ya san gwiwar da ke mata ciwo.

Yatsan ya sauko.

"Ni ne outo, Mummo! Ni ne!"

Ƙara ta dawo gaba ɗaya: iska, zarto, kukan hankaka. Mummo ta waiwayo, fitilar ta tsaya cak a fuskarsa. Hannunta na hagu yana nan a lanƙwashe, yana riƙe da iska.

Ta dubi rigarsa a juye, ta dubi 'ya'yan dajin da suka watse a ƙasa.

"Tsince su," ta ce.

Kwana uku bai taka bakin dajin ba. Ya faskare mata itacen da zai kai ta bazara, hannuwansa suka yi bororo. Amma ƙafarsa ta fara ƙaiƙayin tafiya, daren Talata ya sayi tikiti a ɓoye. Da safe yana cusa kaya a jaka, ta shigo ta ajiye masa kwalbar 'ya'yan dajin da ta dafa da sukari.

"Mummo, wa zai riƙa hura miki wutar sauna?"

"Wanda ya saba."

Ya tsaya da safa a hannu.

"Shekara goma sha ɗaya, duk Asabar," ta ce, tana gyara labule. "Shi ya riƙe ni a bakin kabarin kakanka. Na san ba kai ba ne, ban haukace ba. Amma yana zuwa."

Topias ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ɗauko koriyar rigar, ya juya ta ciki waje, ya saka. Ta taga yana hango bututun sauna a bakin tabki. Ranar Laraba ce, amma har hayaƙi ya fara tashi.